Gadar da Ba Ta Ɗauki Sunansa Ba

Ubana majemi ne.
Kafin ka gan shi warinsa ya iso,
warin ɓawon itace da ɗanyar fata,
wanda ba ya jin sabulu ko ranar Lahadi.

Anselm Dornbusch. A Bremen ya hau jirgin ruwa
da wuƙaƙen jima biyu, da agogon da ya daina tafiya,
da uwata tana amai a bokiti kwana arba'in da ɗaya.
Ya ce ƙasar da ya baro
ta matse talaka kamar takalmin aro.
Bai ƙara cewa komai a kanta ba.

Wisconsin ta tarbe shi da kututture da sauro.
Ya kafa rumfa a bakin kogi,
rami uku, sannan bakwai, sannan ma'aikata goma sha biyu.
Turancinsa kamar amalanke a kan duwatsu,
amma lissafinsa ba ya tuntuɓe.
Bashi kuwa da fensir yake rubutawa,
"don ya gogu," in ji shi, "in hunturu ya yi tsanani."

Da aka buga gangar yaƙin Kudu da Arewa
ya haura arba'in, ba wanda ya kira shi.
Uwata ta ce, "Ka tsere wa sojan sarki
don ka zo ka sa kakin wasu?"
Ya ce, "Na san cinikin fata, Ottilie.
Ban yarda a sayar da wadda mai ita ke ciki ba."

Shekara uku. Ya dawo da yatsu takwas
da tarin da ke tashinmu da asuba.
Ba mu rubuta masa ba, wa zai iya,
cewa Emmerich, ɗan shekara tara,
an aike shi ƙetare da ƙunshin fata
ya bi ta kan daskararren kogi
a watan Maris, lokacin da ƙanƙara ke ƙarya.
A bakin ƙofa ya ƙirga mu da ido.
Ya sake ƙirgawa, a fili, da Jamusanci.
Sai ya ajiye jaka ya nufi ramukan jima
ya yi ta juya fatu har dare ya raba.

Mutane sun ce son girma ne ya kai shi Madison.
Majalisar jiha, kujerar baya, kusa da murhu.
Magana ɗaya ya tafi da ita: gada.
Ana zancen haraji, gada.
Ana zancen jirgin ƙasa, gada.
Wani lauya yakan toshe hanci da hankici
duk sa'ad da ya miƙe.
Jarida ta buga kalmominsa yadda ya furta su
don masu aski su sami abin dariya.
Ya yanko shafin ya kawo mini:
"Karanta, Liesbeth, ki gyara mini baki."
Ni 'yar sha huɗu, a gaban fitila,
ina koya wa mai furfura
yadda ake sa harshe tsakanin haƙora.

Sau biyu ƙudurin yana faɗuwa.
Na uku ya tsallake da ƙyar,
a shekarar da aka kayar da shi zaɓe.
Aka sa wa gadar sunan mai hankici.

Ranar buɗewa bai je jin badujala ba.
Da almuru, bayan an watse,
ya ɗaure ƙunshin fata, ya saɓa,
ya taka katakon a hankali har ƙetare,
ya ƙwanƙwasa ƙofar baduku.
"Ga saƙonka," ya ce. "Ya makara."
Shekara goma sha ɗaya.

Littafin bashinsa yana hannuna yanzu.
Duk fensir ne, rabi a goge,
sunayen mutane sun zama hazo.
Sai a shafin ƙarshe, layi ɗaya tak da tawada:
Kogi, ɗaya.